Kurmin Alhaji Sanda da Turmin Hajiya

Ku da kuka zo neman aikin hutu, na ga irin kallon da kuke yi wa zarton injin nan. Kowannenku gani yake ja igiya ne kawai, inji ya yi ruri, itace ya faɗi, a tashi aiki. To ku zauna tukuna, shayi bai ƙare ba. Ni Hamisu, mutumin Tasawa, a saman itatuwan ƙasar nan na yi furfura, kuma ina gaya muku yankan shi ne ƙaramin abu a sana'armu. Babban aikin a ƙasa yake, tsakanin mai itace da maƙwabcinsa da mutanen meri, wato ofishin magajin gari.

A Paris na fara sauka, wurin wani ɗan ƙanen babana a La Courneuve. Na yi shara, na yi dako a kasuwa, daga baya aka ce da aiki a masana'antun Saint-Fons, na gangaro Lyon. Warin wurin ne ya kore ni. Wata rana ina tafe a ƙasa na hangi wani tsoho rataye da igiya can ƙololuwar itace yana datse rassa, na tsaya baki sake har ya sauko. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kallo kake so ko aiki?" Na ce aiki. Sunansa Rene, gajere ne, mafaɗaci, hannunsa duk tabo. Don in burge shi na ce tun ina yaro nake hawa gawo ina sarar wa awaki ganye, ba igiya ba takalmi. Ya ce, "Shi ya sa nake tsoronka."

Na daɗe ƙwarai a hannunsa kafin ya bar ni in yi yanka da zarto. Igiya ce darasina. In ƙulla, ya kwance, in sake ƙullawa ido a rufe, ya sake kwancewa yana tsaki. In wasa haƙoran zarto da magagari ɗaya bayan ɗaya har yatsuna su sage. In kwashe rassa in loda mota. Ranar da ya miƙo mini ɗamarar hawa da hular kwano, sai da na kai su ɗaki na yi ta juya su kamar yaro da kayan salla. Amma abin da ya fi nanata mini ba a sama yake ba. Kullum muka isa wurin aiki, kafin a sauke kaya, sai ya ce in je in ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci in gaishe shi, in gaya masa za a yi ƙara. Sannan ya tambayi mai aikin takardar meri. A ƙasar nan mutum yakan sayi kurmi da guminsa, amma in an shata wurin a taswirar gari cikin waɗanda ake karewa, ba ya da ikon kayar da itace sai ya nemi izini a rubuce.

Mummunar shekarata ita ce wadda reshe ya karya wa Rene kafaɗa. Ya ajiye aiki, ya bar mini tsohuwar motarsa da igiyoyinsa, ya koma ƙauyensu. Masu kiransa ba su san sunana ba, wayata ta yi shiru duk lokacin sanyi. Shinkafa da mai na yi ta ci, ina aske shingen tsofaffin mata don kada hannuna ya mutu. Su ne kuwa suka tashe ni, don tsohuwa in ta yarda da kai, unguwa duka ta ji.

Aikin da nake so ku ji labarinsa shi ne na Alhaji Sanda. Mutumin Damagaram ne, yana da kantin atamfa da kayan yaji a unguwar Guillotière cikin Lyon, mutum mai fara'a da buɗaɗɗen hannu, sai dai in ya ƙudura abu ba ya jin kira. Suna zaune can saman wani dogon bene shi da maiɗakinsa, Hajiya Zara'u. Hajiya na da turmi da taɓare da aka yo mata takakka daga gida, amma duk ranar da ta ce za ta yi daka, mutumin ƙasa da su sai ya hau dukan rufin ɗakinsa da sandar tsintsiya, gobe kuma mai kula da benen ya zo da gargaɗi. Turmin ya koma wurin ɗora tukunyar fure. Da babbar ɗiyarsu Mariyama ta samu cikin fari, Hajiya ta rantse yajin jegon jikanta na farko inji ba zai niƙa shi ba. Da hannu za a daka shi, ita da matan unguwa, yadda uwarta ta daka mata.

Alhaji bai yi ƙasa a gwiwa ba. Ya je wani ƙauye a kan tuddan yammacin Lyon ya sayi ɗan kurmi, ƙarami ne, kafin shayi ya tafasa ka zagaye shi. Niyyarsa a share fili a tsakiya, a shimfiɗa tabarmi, a kafa turmi inda ba mai zama ƙasa da su. Da ya gama saye sai ya yi abin da kowane dattijon kirki zai yi a garinmu. Ya sa babbar riga, ya ɗauki abokansa biyu, ya naɗe kilishi da dabino, ya tafi gaida magajin garin. Shi kuwa magajin garin mutum ne mai sakin fuska. Ya karɓe su hannu bibbiyu, ya ɗanɗana kilishi, ya ce barka da zuwa, wurinka ne, ka ji daɗinsa.

Washegari Alhaji ya kira ni muka je na ga wurin. Kurmi ne mai kyau, da manyan itatuwan da suke kira shen, masu girma kamar tsohuwar tsamiya, ƙasansu kuwa sarƙaƙƙiya ta cinye. Na ce, "Alhaji, ina takardar?"

"Wace takarda kuma, Malam Hamisu? Magajin gari da bakinsa ya ba ni, gaban Malam Buhari da Alhaji Isa. Har kilishina ya ci, ya ce bai taɓa jin irinsa ba."

"Allah ya ƙara girma, a nan cin kilishi ba sa hannu ba ne."

"Kai ma ka zama Nasara," in ji shi, yana dariya.

Na ce ko Nasara ko Bahaushe, zartona ba ya tashi sai na ga takarda. Ya ce ba komai, in je in huta. Ashe da abin da ya shirya. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya kira gayya, ni kuwa ina wani aiki nesa ban ji ba.

Ku dai ku ƙiyasta. Safiyar Lahadi, ƙauyen da ko kare ba ya haushi kafin hantsi, sai ga jerin motoci sun cika ƴar hanyar. Maza suka yi ta fitowa, ɗalibai da direbobi, ƴan Cadi da ƴan Kamaru, har da wani likita, kowa da sabuwar adda da ya sayo a kantin kayan lambu. Suka afka wa kurmi suna waƙar noma. Akwai wata tsohuwa, Madam Odil, wadda mijinta ya rasu, bayan gidanta a jingine yake da kurmin. Ta buɗe taga ta ga haka, ta ɗauki waya.

Lokacin da Alhaji ya kira ni na iso, na tarar da jandarmomi biyu tsaye, ɗaya riƙe da kofin shayi bai san yadda aka yi ya karɓa ba. Magajin gari ya zo da gajeren wandon gudu, fuska ja wur. Allah ya taimaka, sarƙaƙƙiya aka fi sara, sai ƴan ƙananan itatuwa da suka tafi. Magajin gari yana ta cewa, "Barka da zuwa na ce, ban ce a sare ba." Alhaji ya juyo gare ni ya yi magana da Hausa, murya ƙasa-ƙasa. "Hamisu, babban mutum ya musanta maganarsa gaban shaidu." Wallahi wannan ta fi yi masa ciwo bisa ga jandarmomin, ni ma kuma na ji tausayinsa har zuciyata.

Aka tsai da komai. Kurmin na cikin waɗanda ake karewa, meri ta ce tana iya kai maganar gaban shari'a, a tilasta masa sake dasa abin da aka sare, a kuma hana shi taɓa ko reshe. Maƙwabta suka bi gida-gida suna tara sa hannu, Madam Odil ce a gaba. Wani ya ce gini za a yi, wani ya ce wurin ajiye motoci ne, wani ya ce katanga. Can Guillotière kuwa cikin Mariyama na ta girma. Hajiya ta riga ta tara citta da kanumfari da masoro da kimba da barkono, buhuna jere a falo, duk wanda ya shiga sai ya yi atishawa. Duk zuwan da na yi sai ta ce, "Malam Hamisu, jikan nan fa ba ya jiran meri."

Meri ta turo ma'aikaciyarta mai kula da itatuwa, wata mai suna Kler, muka shiga kurmin tare da safe. Nan ne za ku gane aikin ba na ƙarfi ba ne. Akwai wani busasshen itace da ni a raina na riga na kayar da shi, ta nuna mini kogon da ke jikinsa ta ce jemagu ke kwana ciki, shi ne ma ba za a taɓa ba. Na ƙaru. Ni kuma na durƙusa gaban kututturan da ƴan gayya suka bari, na nuna mata yadda muke yi a gonakin Tasawa, in kututture ya yi tofo a zaɓi tsiro ɗaya ko biyu masu ƙarfi a cire sauran, kan ka ankara ya koma itace. Ta yi dariya ta ce haka kakanta ke yi a ƙauyensu. Muka yi ta zagaye muna ɗaga kai, har muka tsaya a kan shawara guda. Ba za a kayar da babban itace ko ɗaya ba. Za a kwashe sarƙaƙƙiya, a datse rassan ƙasa a ɗaga inuwar sama, wuri zai buɗe da kansa.

Alhaji ya ɓata fuska da na kai masa. "Ni fili na ce."

"Alhaji, Hajiya a rana za ta yi dakan?"

Ya ja carbinsa, can ya ce in rubuta takardar neman izinin yadda na ga dama.

Saura maƙwabta. Magajin gari ya gaya mini a fili ba zai sa hannu ba muddin ƙauyen na tafasa, mu je mu shawo kan Madam Odil. Alhaji ya ce to bari ya kira Malam Buhari da Alhaji Isa. Na ce ina, ba shaidu, ba babbar riga, kuma sai an buga waya an nemi lokaci. Muka tafi mu uku, ni da shi da Hajiya.

A bakin ƙofa ta tsai da mu, sai da ta ga Hajiya na dafa gwiwa sannan ta ce mu shigo. Ko ruwa ba ta ba mu ba. Ta ce ita ba ta da wata doguwar magana. Akwai ƴar hanya da ta ratsa kurmin zuwa maƙabartar ƙauyen, tun tana amarya take bin ta, yanzu kuma ita take bi ta je wurin mijinta. Mai wurin na da bai taɓa hana ta ba. Ta san baƙo in ya sayi wuri, shinge yake fara yi.

Alhaji ya zaro ido. Faransancinsa na kasuwa ne, amma ranar bai nemi tafinta ba. "Shinge, Madam? In toshe hanya? A garinmu wanda ya toshe hanyar da ta ratsa gonarsa, ko suna ya yi ba mai zuwa. Balle hanyar maƙabarta. Ni itatuwa na saya, hanya taki ce."

Madam Odil ta dube shi. Sannan ta ce, to in ba gini ba shinge, me ya kawo rundunar maza da adduna? Hajiya ta ciro waya ta nuna mata hoton turmin, ta miƙe tsaye ta gwada mata yadda ake daka, ta kuma zana babban ciki da hannu a gabanta. Na ƙarasa bayanin.

"Duk wannan tashin hankali don niƙa barkono?" in ji Madam Odil. "Ina da inji a ɗakin girki, sai in ara mata."

Da na fassara, Hajiya ta dube ni ta ce, "Gaya mata na gode, nawa injin biyu ne." Ban fassara sauran abin da ta ce ba.

Ba wai ta sauko gaba ɗaya ba ne. Ta ce za ta janye sa hannunta, amma ba hura wuta a kurmi, ba motoci a bakin ƙofarta, ba hayaniya safiyar Lahadi. Kuma in ƙara ta dame ta, wayarta na nan kusa. Alhaji ya amsa duka. Da ta janye, sauran suka yi sanyi, meri ta bar maganar shari'a, takarda ta fito. Aka kafa allon sanarwa a bakin hanya, muka zauna jiran wa'adin da doka ta ba duk mai ƙorafi. Kler kuma ta ce ba hawa sai tsuntsaye sun gama ƙyanƙyasa. Hajiya ta ce ashe har tsuntsun ƙasar nan yana da lauya. Watan Mariyama kuwa ya tsaya.

Ranar da na hau shen na farko, ban taɓa jin daɗin aiki kamar ta ba. Na jefa jakar igiya ta faɗa daidai gwafar da nake so, na ɗaure, na gwada nauyina, na hau. Reshen ƙasa ba a yanke shi gaba ɗaya, in ba haka ba ya yage ɓawon itacen ya bar masa miki. Sai ka fara tsaga shi ta ƙasa, ka yanke ta sama nesa da jiki, ka ɗaure shi ka sauke a hankali, sannan ka dawo ka gyara gindin daf da wuyansa, ba ciki ba, ba waje ba. Galibi da zarton hannu na yi, don kada ƙara ta kai wa tsohuwa. Kowane reshe ya sauka sai haske ya ƙaru a ƙasa. Alhaji na tsaye da hular kwano a kan hularsa yana ba ni umurnin da ba na bi. Rassan muka tsattsaga muka jera wa Madam Odil a bakin shingenta don sanyi, washegari kuwa babu su.

Ina saman itace na ƙarshe wayar Alhaji ta yi ƙara. Na ga ya cire hular kwano ya ɗaga hannu sama. "Malam Hamisu, sauko, an sauka lafiya. Mace ce." Na ce barka, amma ba na saukowa sai na gama, don jego ba ya jira. Na gama kafin magariba.

A motata aka kai turmin, na ɗaure shi da igiyar hawa kamar wani babban baƙo. Mata suka zo da jirgin ƙasa da bas, ba wadda ta kawo mota bakin ƙofar kowa, sun sha ado, kowa da kullin kayanta. Aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin inuwar da na ɗaga. Hajiya ta cire takalmi ta taka ƙasa, ta yi bisimilla, ta zuba citta, ta ɗaga taɓarya. Bugun farko sai da na ji shi a tafin ƙafata. Nan da nan wasu biyu suka shiga, lugude ya kankama, ana cilla taɓarya sama ana tafi ana caɓewa, ana atishawa ana dariya. Ƴan matan da aka haifa a nan suka kewaye da wayoyi, ba su taɓa gani ba. Mu maza muna can gefe da shayin tarmos, Alhaji sai murmushi yake kamar shi ya haihu.

Can sai ga Madam Odil ta ɓullo ta ƴar hanyarta, da rigar sanyi, fuska a ɗaure. Taɓare suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ya miƙe, ni ma gabana ya faɗi, don rabin yajin ma ba a daka ba.

"Har cikin ɗakin girkina nake jin ku," in ji ta.

Hajiya na riƙe da taɓarya tana haki.

"To don me kuka tsaya? Tun da mijina ya rasu ba na jin komai daga wannan gefen sai iska. Taga na buɗe, ba ta ishe ni ba, na ce bari in matso."

Na fassara wa Hajiya. Ta share ido da gefen mayafi ta ce barkono ne. Wata ta kakkaɓe tabarma, tsohuwa ta ce gwiwarta ba ta kai ƙasa, sai na mirgino mata guntun gungume ta zauna. Hajiya ta ɗaga taɓarya ta sake bugawa, sauran suka bi. Madam Odil ta toshe hanci da hankici tana ta atishawa, idonta na ruwa, aka ce ta ja baya daga bakin turmin, ta ƙi. Nan ta zauna har aka tankaɗe yajin ƙarshe aka ƙulle.